Karatun Suwaiba a Gefen Turmi

Akwai wata mata a Kwatarkwashi, ana ce mata Maijidda. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma Islamiyyar matan aure ba ta wuce ta, kuma a can kowa ya shaide ta da ƙarfin hadda.

'Yarta Suwaiba tana aji biyar na firamare. Maijidda ta ƙudura a ranta ba za ta bar yarinyar nan da karatu ita kaɗai ba. To da me za ta taimaka mata? Sai ta kama hanyar da ta sani.

Kullum bayan La'asar, tana tsaye gefen turmi tana juya markaɗen gyaɗa, sai ta ce:

"Rufe littafin. Kawo hadda."

Suwaiba ta rufe, ta harɗe hannu, ta yi ta zubo Turanci ba gargada. Maijidda ba ta jin ko kalma ɗaya, amma kunnenta yana riƙe sauti. Da yarinya ta tsallake wani wuri za ta ɗaga muciya.

"Ba haka kika faɗa jiya ba. Koma baya."

Masu zuwa sayen mai sukan tsaya da kwalabensu suna sauraro.

"Kai, Maijidda! Wannan ɗiya taki ai Baturiya ce!"

Ita kuwa sai ta yi kamar ba ta ji ba, alhali ranta fari ƙal. Har ta fara ba sauran mata shawarar yadda ake tsare yaro da karatu.

Wata rana malamar ajin su Suwaiba ta aiko tana son ganinta. Malama Patience ke nan, wadda ke zuwa daga Gusau kowace safiya. Maijidda ta ɗauka yabo ne. Ta yafa gyalenta na unguwa, ta ƙulle ƙuli-ƙuli a leda, ta isa ta ajiye a kan tebur.

Bayan gaisuwa Malama ta ce, "Maman Suwaiba, gara in gaya miki tun da wuri. In aka tafi a haka, Suwaiba za ta maimaita aji biyar."

"Wace Suwaibar? Tawa?"

"Taki."

"Malama, ko dai kin haɗa ta da wata? A kira ta yanzu ta kawo miki littafin nan daga bango har bango, ido rufe."

"Na sani, ta ma fi ni riƙe shi. Amma a jarrabawa labarin da ba ta taɓa gani ba ake ba ta, a tambaye ta abin da ke ciki. A nan ne take barin takarda fara."

Maijidda ta miƙe tsam. Ta gyara gyale, ta sa hannu ta ɗauke ledar ƙuli-ƙulinta daga kan tebur. Har ta kai ƙofa Malama ta ce:

"Abu ɗaya nake roƙo. Darasin da take kawo miki a makon nan, ki tambaye ta labarin mene ne."

Da ta gaya wa maigidanta Haliru, bai ja magana ba.

"Ni dai ba zama biyu a aji guda. In ta maimaita, ta dawo gida ta kama miki turmi. Ga ƙannenta nan tafe."

Ta san halinsa. Ba ya faɗa, kuma ba ya sake magana.

Da La'asar Suwaiba ta kawo hadda tsaf, ko tuntuɓe babu. Maijidda ta so ta bar zancen a nan. Amma tambayar Malama ta ƙi barin ranta.

"Wannan da kika karanto, labarin mi ne?"

Suwaiba ta hau juya littafin a hannunta.

"Da ke nake."

"Turanci ne, Inna."

"Na san ba Fillanci ba ne. Mi aka ce a ciki?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a kan bangon littafin.

Maijidda ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai wani abu ya faɗo mata. Ta tuna shekarun da ta yi tana karanta surorin sallah ba ta san fassararsu ba, da ranar da malamarsu ta Islamiyya ta zauna ta warware musu ma'ana aya bayan aya. Sallar da ta yi a ranar daban ce, har yau tana jin daɗinta. Haddar ta yi mata rana, amma sai da aka haɗa mata da ma'ana zuciyarta ta samu. Ita kuwa ta ba 'yarta rabi, ta tsaya tana karɓar yabo.

Washegari ta koma makaranta. Ba gyalen unguwa, ba tsaraba.

"Malama, ba ta sani ba. Don Allah labarin mi ne?"

Malama ta buɗe littafin, ta ce:

"Labarin wata mata ce mai matsar man gyaɗa. Yadda take soya gyaɗa, ta murje, ta kai inji, ta zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso."

Maijidda ta nemi benci ta zauna.

"Ashe tana gefen turmina tana ba ni labarin turmina, daga ni har ita ba wanda ya sani." Ta share ido da bakin mayafi. "To ni mi zan iya? Ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba."

"Ai nan amfaninki yake. Ni in ta yi mini rabin bayani, sai in cika sauran a kaina in wuce. Ke kuwa sai ta faɗa miki duka kafin ki gane. Ki daina cewa ta rufe littafi. Ki ce ta buɗe, ta gaya miki da Hausa. Kalmar da ta gagare ta, ta ja mata layi ta kawo mini da safe."

Abin bai zo da sauƙi ba. Layi ɗaya sai ya cinye musu yamma guda. Suwaiba ta yi fushi, ta yi kuka, ta ce hadda ta fi sauƙi. Masu sayen mai kuma suka samu abin tsokana.

"Ina Baturiyar tamu? Yau an dawo Hausa?"

Maijidda takan ce, "An dawo. Miƙo kwalbarki."

Tambayoyinta ba su da yawa. Wa ya yi? Don mi? Sai aka yi yaya? Da su ta bi Suwaiba har cikin darasin kimiyya da na lafiya. A hankali bakin yarinya ya buɗe. Wata yamma ma ita ta ce a riƙa rufe randa, kuma ta kawo dalili.

Ranar jarrabawar Turanci, Maijidda ta ƙona kaskon ƙuli-ƙuli guda don tunani. Da Suwaiba ta yi sallama, ba ta tambaye ta ko za ta ci jarrabawar ba. Ta ce:

"Labarin mi aka ba ku?"

"Inna, wani manomi ne! Ya ware zangarniyar dawa mafi kyau don iri, ya rataye a ɗaki. Sai baƙi suka zo masa, ga rumbu ya yi ƙasa. Matarsa ta ce a sauko da irin a yi musu tuwo..."

Tana yi tana nuni da hannu. Ba su lura Haliru ya dawo daga gona ba, yana tsaye bakin zaure da fartanya a kafaɗa. Da Suwaiba ta gan shi sai ta yi shiru.

"A'a, ci gaba mana," in ji shi. "Ya sauko da irin? Sai aka yi yaya?"

Maijidda ta juya ga turminta, tana hamdala a ɓoye.

Da sakamako ya fito, Suwaiba ba ta zo ta ɗaya ba, tana tsaka-tsaki. Amma ta wuce aji shida, Haliru kuwa da kansa ya kai ɗinkin sabbin kayan makaranta.

Maijidda ta cika kwalba da mai, ta ƙulle ƙuli-ƙuli, ta kai ta ajiye a kan teburin nan. Malama ta dubi ledar, ta dube ta.

"Wannan karon nawa ne, ko za a koma da shi?"

Maijidda ta rufe fuska da gyale tana dariya.

"Naki ne, Malama. Har da bashin kunyar wancan."

Darasi: Iyaye, jin yaro yana zubo karatu bai isa ba, mu tambaye shi abin da ya gane. Rashin yin boko bai hana uwa ko uba zama su ce, "Gaya mini da Hausa." Kuma idan malami ya faɗa mana gaskiya mai ɗaci a kan 'ya'yanmu, mu saurara kafin mu miƙe. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani. A tura wa wata uwa, ƙila yau da La'asar ta yi wa ɗanta wannan tambayar.