Kukar Gabas da Gari

Malam Isyaku ɗinkin hula yake yi a Ƙofar Ruwa, mutum ne mai baki da iya labari, amma ba ya jure a yabi wani a gabansa. Asalin gidansu Garin Ashafa ne, wani ɗan ƙauyen manoma da ke tsakanin tudun jigawa da wata fadama da ake noman albasa da tumatir da rani. Kakansu Ashafa ne ya sari garin. Shekara da shekaru, duk wanda ya zo daga ƙauyen yana son jin tarihi, shagon Isyaku yake nufa.

Da rikici ya tashi tsakanin Garin Ashafa da maƙwabtansu kan fadamar, sai Shehu, babban manomin garin, ya zo birni. Ya gaisa da Isyaku a tsaye, ya wuce cikin gida wajen ƙanwar Isyaku, Sa'ida, wadda ke koyar da labarin ƙasa a sakandare. Ya roƙe ta ta zana musu iyakarsu kafin zaman da za a yi gaban hakimi. Abin ya ba Isyaku haushi. Kwana uku bai amsa gaisuwarta da kyau ba.

Sa'ida ta riƙa zuwa ƙauyen duk Asabar, tana taka gonaki da ƙafa, tana zama da tsofaffi. Isyaku kuwa ya sa mata suna Malama mai taswira, yana cewa yaushe aka haife ta da za ta san Ashafa.

Akwai wata tsohuwar takardar ajami da kakansu ya bari a adakar gwaggonsu 'Yardada. Ana saura mako guda a yi zama, Isyaku ya karɓe ta, ya ce zai sa a gyara mata marfi. Sa'ida ta same shi a shago.

"Yaya, don Allah kada ka karanta takardar nan a gaban kowa sai na nuna maka wani abu."

"Ni za ki nuna wa? Ki je ki nuna wa ɗalibanki."

Ya aika wa Shehu cewa hujja tana hannunsa, a matso da zaman zuwa Talata, ranar da ya san Sa'ida tana aji. Ranar ya sha babbar riga, ya miƙe gaban jama'a, ya karanta da ƙarfi cewa iyakar Ashafa ita ce kukar da ke gabas da gari. Dattijon maƙwabta ya yi murmushi, ya nuna kukar da ke bakin gidajen ƙarshe, ya ce sun yarda da takardar ɗari bisa ɗari. Fadamar tana bayan wannan kuka. Aka rubuta, aka sa hannu, aka shafa fatiha.

Da la'asar Sa'ida ta iso da zanenta. Ta shimfiɗa shi a tabarmar Shehu, ta nuna cewa lokacin da aka rubuta takardar garin ba a nan yake ba. Yana can kufai, hayin fadama, kafin ambaliya ta kore su zuwa tudu. Kukar da Ashafa yake nufi tana gabas da kufan, har yau kututturenta na nan.

Shehu ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ɗago ya dubi Isyaku.

"Malam, bana da rani a ina za mu dasa albasa?"

Tun daga ranar, mutanen Garin Ashafa in sun shigo birni, ta wani lungun suke bi, ba ta shagon Isyaku ba.

Darasin da ke nan shi ne, hassada tana toshe kunnen mutum daga maganar da za ta cece shi. Wanda ya ƙi sauraron na ƙasa da shi don kada a yabe shi, ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da mutanen da suka dogara da shi.