Kwanukan Ƙarƙashin Gadon Tabawa

Ku matso ku ji wata, in na gama ku za ku yi shari'a.

A wani gidan haya da ke bakin kwata a bayan gari, an yi wata mai suyar awara, Tabawa. Tun ranar da ta haifi 'yarta ta fari, Ummita, take tara kwanuka a ƙarƙashin gado. In ta zauna gaban kasko, hayaƙi ya rufe mata ido, sai ta riƙa ganin ɗakin amarya an yi jere har sama, langa na ƙyalli, mata na guɗa. Dukiyarta ke nan a duniya, wannan mafarkin.

Ummita na shekara sha uku wani mai shago ya aiko da goro da turamen zane, ubanta ya karɓa. Matan gida suka ce arziki ya zo: "Gara ɗakin miji da yawon talla." Tabawa ma haka ta gani, don ita ma a haka aka kai ta.

Sai Kande ungozoma ta ce, "Tabawa, zo ki raka ni dubiya." Ta kai ta wani lungu, wurin wata yarinya sa'ar Ummita wadda doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, miji ya sako ta, tana zaune kan leda. Daga ranar, in hayaƙi ya taso, Tabawa sai ta ga jeren nan yana nan, amma ba kowa a ɗakin. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

To amma ya za ta yi? Mace ba ta ko kiran sunan 'yar fari, balle ta tsaya gaban miji tana roƙo a kanta. Sai Goggo Marka, yayar uban maigidan, ta lura kullum awara na ƙonewa. Ita fa tsohuwar nan tana alfahari da cewa da 'yar tsanarta aka kai ta ɗaki, kuma har gobe ba ta ga aibun abin ba. Amma ta dubi idon Tabawa, ta ɗora turamen a ka, ta mayar wa mai shagon da su da ƙafarta. Ta ce wa uban Ummita, "Ni na hana. Mai magana ya zo ya same ni." Unguwa ta yi ta cin namanta, ko a jikinta.

Saura talla, wadda ita ce asalin fargabar. Lantana mai kitso, da 'ya'yanta biyar a ɗaki ɗaya, ta sauke wa Ummita tiren tallar awara daga ka. Ta koya mata kitso, ta bar mata rabin matan da ke zuwa gare ta, da safe makaranta, da yamma tabarma. Tukunyar Lantana ta sha kwana ba miya saboda haka.

Kwanuka suka yi ta jira har Ummita ta zama cikakkiyar mace, aka jera su a ɗakin wanda ta zaɓa. Kwana shida ke nan da ta haifi 'ya mace lafiya lau. Mijin ya ce, "Inna, ke za ki zaɓi wadda za a yi wa takwara."

Ga Tabawa can zaune da jika a cinya, gobe suna, tana ta auna matan nan uku. To, Kande, Marka ko Lantana, wace ce ta fi cancanta?