Takobin da Ba Ya Tsatsa

Wani hakimi ya zare takobinsa a gaban baƙi, sai ga shi ja wur da tsatsa. Baƙi suka ƙunshe dariya. Ya sa aka kira maƙeri Jatau.

"Ka ƙera mini takobin baƙin ƙarfe wanda ba zai taɓa tsatsa ba. In ka kasa, ka bar mini gari."

Jatau ya dawo ɗauke da dogon akwati, an liƙe bakinsa da danƙo.

"Ranka ya daɗe, ga shi."

"Buɗe mu gani."

"To. Amma me ke sa ƙarfe tsatsa?"

"Iska da danshi mana."

"Su ne na kulle a waje. In an buɗe suka shiga, laifin wa?"

"Na mai buɗewa."

"Shi zai bar gari ke nan, ranka ya daɗe."

Wani dogari da ya kai hannu zai buɗe ya janye da sauri.

Hakimi ya girgiza akwatin, ya ji ƙarar ƙarfe, ya washe baki. Har ya mutu yana nuna wa baƙi akwatin nan.

Matar Jatau kuwa ta daɗe tana cigiyar tsohuwar fartanyarta.