Siminti a Gindin Mangwaro

Akwai wani magini da kowa ke kira Gwani, kuma sunan ya dace da shi. Shekara talatin ya yi yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, ba a taɓa kiransa ya dawo gyara ba. Aibinsa ɗaya ne: in dai maganar aiki ce, kunnensa a toshe yake. Duk wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, a wurin Gwani ba shi da bakin magana, ko da kuwa shi ya haife shi.

Da bayansa ya fara ciwo, sai ya bar aikin birni ya koma ƙauye gidan mahaifinsa. Tsohon ya daɗe da rasa ganinsa, matarsa kuma ta rasu shekara shida da suka wuce. A lambun bayan gidan akwai wata ƙatuwar bishiyar mangwaro da marigayiyar ta dasa da hannunta shekarar da ta shigo gidan. Kullum da safe tsohon zai lallaɓa da sandarsa ya zauna a gindinta, ba ya tashi sai ƙanwar Gwani ta kawo masa abinci. Duk duniya wannan inuwar ce ta rage masa.

Hannun da ya saba da aiki ba ya iya zama. Gwani ya tasa lambun a gaba. Ya yi wa tsofaffin tayoyi fenti ya shuka furanni a ciki. Ya jera kwalabe koraye da masu ruwan ƙasa suka zama shinge, ya lanƙwasa bakin wani mataccen shebur ya zama tsuntsu. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna yabo, kan Gwani kuwa yana ƙara kumbura. Nan ya ƙudura zai yi aikin da ya fi duka: dandamali zagaye da mangwaron, da wurin zama, da hoton ɗawisu na fasassun farantan tangaran.

Ranar da ya fara, tsohon ya karkata kai daga inda aka matsar da shi.

"Gwani, ƙarar gatari nake ji?"

"Saiwoyin nan ne, Baba. Sun taso sama, sun hana ni samun daidai."

"Ai da su take ci take sha. Ka bi ta gefensu mana."

Gwani ya yi dariya. "Bishiyar da ta girme ni? Saiwarta ta kai ruwa tun ban iya tafiya ba. Kai dai ka jira ka ji daɗin zama."

Ƙanwarsa ta ajiye kwanon abinci ta ce, "Yaya, ko taku biyu ne ka bar mata ƙasa a gindi, ruwan sama ya samu hanya."

"Ke kuma fa? Na taɓa shiga kicin na koya miki zuba gishiri?"

Tsohon ya ce, "To, ai kai ne gwani." Gwani ya ɗauka yabo ne.

Ya sare saiwoyi bakwai. Ya zuba siminti taku goma ta kowane gefe, har ya manne da jikin bishiyar. Kuma da yake ƙwararre ne, ya ba daɓen gangare kamar yadda yake yi a banɗakin manyan gidaje, ta yadda ko ɗigo ɗaya ba zai kwanta ba. Da aka yi ruwan farko ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda ruwan ke gudu daga gindin mangwaron zuwa kwata, yana jin daɗi a ransa.

Aikin ya yi kyau, wannan babu musu. Har daga wasu ƙauyukan ake zuwa ɗaukar hoto. Tsohon ya shafa ɗawisun da tafin hannunsa ya sa wa ɗansa albarka.

Shekara ta zagayo, bishiyar ta yi furen da ba ta taɓa yin irinsa ba. Gwani ya tsokani ƙanwarsa, ya ce ina masu cewa za ta mutu? Amma 'ya'yan ba su kai girman ƙwai ba suka fara zubewa. Ganyen sama ya yi rawaya, sannan ya bushe. Gwani ya gane akwai matsala, sai dai girman kai ya hana shi furtawa. Ya koma share ganyen da sassafe kafin mahaifinsa ya fito, ya manta makaho da kunne yake gani.

"Sharar nan ta yi yawa kwanan nan," in ji tsohon wata rana.

"Canjin ganye take yi, Baba."

"Haka ne? To me ya sa rana ke taɓa mini kai tun hantsi?"

Gwani ya ci gaba da shararsa. Ya yi wata biyu yana ɗura ruwa da buta ta 'yar tsagar da ke tsakanin siminti da bishiya, don har lokacin yana ƙyashin fasa ɗawisunsa. Sai da manyan rassa suka fara karyewa sannan ya ɗauko guduma. Yini guda ya rushe abin da ya gina a wata uku, yana yi hawaye na zuba. A ƙarƙashi ya tarar da ƙasa busasshiya kamar toka, guntayen saiwoyin kuma gara ta cinye su. Ya zuba taki, ya yi ban-ruwa safe da yamma, damina ta zo ta wuce. Ko tsiro ɗaya bai fito ba.

Da ya zama dole a sare ta kada ta faɗo kan ɗaki, tsohon ya ce a kai shi. Gwani ya riƙe masa hannu suka taka tarkacen simintin a hankali. Tsohon ya ɗora tafinsa a jikin bishiyar, ɓawon ya ɓare ya zubo. Ya daɗe a tsaye.

"Baba, ka yafe mini," in ji Gwani.

"Na yafe maka, ɗana. Don ka kyautata mini ka yi." Ya sauke hannunsa. "Amma sai yau na yarda uwarku ta tafi. Mayar da ni ɗaki."

Tsohon bai ƙara fita lambun ba har Allah ya karɓi ransa a farkon shekarar da ta biyo baya.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, ƙwarewa a sana'a ɗaya ba ta sa mutum ya san komai. Gwani ya san siminti, amma bai san bishiya ba, kuma waɗanda suka santa suna gabansa ya ƙi jinsu. Kafin ka ƙawata abin da wani ya jingina rayuwarsa da shi, tambayi mai abin, ka saurari amsarsa. In kuma ka ga ka yi kuskure, ka gyara tun ranar da ka gani. Abin da hannu ya gina ana iya sake gina shi gobe, amma abu mai rai in ya mutu ya mutu ke nan.