Akuya da Ciyawar Tubali

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naki ne.

Kura ce ta hana Akuya sakat, sai Akuya ta je wurin Zanzaro magini ya koya mata ginin ɗaki.

Zanzaro ya ce, "Ƙasa zalla ba ta jure ruwa. Ki tattake ta da busasshiyar ciyawa, ki bari ta tsumu, sannan ki yi tubali."

Akuya ta ɗauko damin ciyawa, ta ce bari ta ɗanɗana ko mai kyau ce. Tana ɗanɗanawa har dami ya ƙare. Ta yi gininta da ƙasa zalla.

Zanzaro ya zo dubawa, ya ce, "Ina ciyawar?"

Ta ce, "Haba Sarkin Magina, wa zai gane?"

Ya ce, "Damina."

Ruwan farko bango ya narke. Kura ta tsallako ta tarar da Akuya cikin taɓo, ta ce, "Ina ɗakin da ake ta ba ni labari?"

Akuya ta ce, "Ranki ya daɗe, ciyawar na cinye."

Kura ta lashe baki, ta ce, "Ai ba ta tafi a banza ba. Kin yi ƙiba."

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare a nan.