Allurar 'Yan Ƙasa

Annobar ta ɗauke matata a watan azumi, ta bar mini yara biyu. Da aka kawo allurar rigakafi, na bi layi da surukata, Gwaggo Hansai, don kada yaran su rasa mu mu ma. Daga Tasawa muka zo, shekara tara ba mu da takardar zama.

Jami'in wurin, Malam Barau, ya ce, "Allurar nan ta 'yan ƙasa ce. Ku kawo kati, ko shaidar da ba zan iya musawa ba."

Gwaggo ta hango limamin unguwa a layi, sai ta ɗaga murya.

"Ɗana, ni jahila ce. Da me aka halicci Annabi Adamu?"

"Da ƙasa, Gwaggo."

"Mu jikokin wane ne?"

"Nasa mana."

"To 'yan me ke nan?"

"Ba wannan ƙasar nake nufi ba."

"Au, ka san gonar da aka ɗebo ta? Allah gafarta Malam, zo ka ji sabon ilimi."

Liman ya juyo. Malam Barau ya hau gyara hula.

Gwaggo ta ce, "In ba 'yan ƙasa ba ne mu, to 'yan wuta ne, aljanu ke nan. Rubuta mu a haka. Amma aljani ba ya kwana a layi, wanda ya hana shi yake bi gida."

Malam Barau ya ce wa mai allurar, "Fara da su, su tafi."

Gwaggo ta miƙa dantse ta ce, "A hankali, 'yata. Tsohuwar ƙasa ce, tana marmashewa."