Ramar Tabawa Mai Waina

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ni kaina na kasa yanke ta.

A garinmu an yi wata mata, Tabawa mai waina. Shekara talatin tana bakin tanda, biyar ga mai saye, ɗaya ga bakinta, wai ɗanɗanawa take yi. Jiki ya yi ta buɗewa har numfashi ya fara yi mata wuya. Ba wanda ya ga aibu, mu a wurinmu ai ƙiba shaidar jin daɗi ce.

Ɗanta namiji guda ne, Sallau tela. Ƙodarsa ta lalace, duka biyun. Sau biyu a mako ana kai shi birni wankin ƙoda, ya dawo kamar tsumma. Da aka yi gwaji, ba wanda ƙodarsa ta dace da shi sai uwar. Likita ya ɗora ta a sikeli, ya girgiza kai.

"Mama, da wannan nauyin ba zan yi miki aiki ba. Ki sauke kilo talatin, ki tsaya a kan sabon nauyin wata shida, sannan mu yi magana. Shi kuwa yaron, ba na jin zai kai shekara biyu a haka."

Tabawa ta dawo gida tana kuka. Ta hana a gaya wa kowa, don in yayyenta maza suka ji za a yanka ta, ba za su bari ba. Ban da Sallau, mata uku kaɗai suka sani, su ne suka tsaya mata.

Ta farko 'yarta Lantana, malamar firamare. Ita ta koma asibiti ta koyi abin da suke kira kalori, wato awon ƙarfin da ke cikin kowace loma. Ta sayi ƙaramin sikeli da littafi. Malmalar tuwo sai an auna, cokalin mai sai an rubuta. In lissafin ranar ya cika sai ta kife tukunya, ko da uwar tana hawaye. Ran da ta kama ƙosai ɓoye a ƙarƙashin matashi, Tabawa ta dube ta, ta ce, "Ni da na ba ki nono ban auna ba, yau ke ce mai auna mini tuwo?" Lantana ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta, ta dawo ta rubuta ƙosan da aka riga aka ci. Daga ranar uwar ba ta ƙara sakar mata fuska ba.

Ta biyu Dudu, aminiyar Tabawa tun suna 'yan mata. Likita ya ce lissafi kaɗai ba zai isa ba, sai da tafiya. Tabawa kuwa taku ashirin ta zauna tana haki, ga kunyar a ga babbar mace tana yawo ba dalili. Kullum bayan asuba Dudu za ta zo ta kama hannunta, ta ce, "Tashi, ƙawata, mu je mu gaida rafi." Da farko iyakarsu bakin masallaci, daga baya har rafin suke kaiwa su dawo. Damina da sanyi, ba fashi. Ashe Dudu na fama da ciwon gwiwa, ta ɓoye, don ta san ran da ta zauna Tabawa ma ta zauna ke nan. Yau ko salla a zaune take yi.

Ta uku Saude, matar Sallau. Kun san halinmu, in aka ga mutum ya rame sai kwanuka su fara zuwa: mai farfesu, mai fura da nono, mai dambun nama. Mayar da kwano kuwa cin fuska ne, ita kuma Tabawa ba ta iya ganin abinci ta kau da kai. Saude ce ta tsaya bakin ƙofa, da cikinta wata biyar, tana mayar da kwano bayan kwano, ba halin faɗin dalili. Gari ya ɗauka: suruka na kashe uwar miji da yunwa. Mahaifiyarta ma ta aiko ta ce ta ji tsoron Allah. Ranar sunan ɗanta, tabarmi suka wuni a shimfiɗe ba wanda ya zauna. Ni ma ban bar iyalina sun je ba, kuma har yau abin yana cina.

Bayan wata goma sha shida aka yi aiki, Sallau ya koma kan keken ɗinkinsa. Likita ya ce ƙoda ɗaya ba za ta ɗauki tsohon jikin ba, don haka sikeli da tafiya da tsaron ƙofa suka ci gaba har shekara huɗu. Gari ya ji gaskiya daga baya, amma ba wanda ya je ya ba Saude haƙuri.

Bara zazzaɓi ya kwantar da Tabawa kwana uku. A na ukun ta kama hannun Sallau, ta ce, "Wadda ta cece ka, ita za ta yi mini wanka." Ya ce, "Wace ce, Inna?" Kafin ta faɗi suna, rai ya yi halinsa.

An ɗumama ruwa. Sallau ya ɗinka likkafani da hannunsa. Maza na waje da makara, liman na duban rana. Matan nan uku suna zaune a ƙofar ɗakin, ba wadda ta motsa, kowace na jiran a kira ta, kowace na tsoron a kira wata. Duk ido ya koma kan Sallau.

To, da kai ne Sallau, sunan wa za ka kira?